Yadda mai ciwon ƙoda zai zaɓi ƙarin sinadaran abinci don kare ƙarfin jikinsa

Ciwon ƙoda na dindindin ba a ƙoda kaɗai yake tsayawa ba. Tun kafin a fara maganar wankin ƙoda, tsoka takan fara zagwanyewa a hankali: tashi daga kujera sai an dafa gwiwa, hawa matakala sai an tsaya an huta a tsakiya, murfin kwalba ya gagari hannu. Mutane da yawa idan suka ga haka sai su garzaya su sayo garin furotin da ƙwayoyin bitamin irin waɗanda aka haɗa domin masu lafiyayyar ƙoda. A nan ne garin neman gira ake rasa ido, domin abin da ƙoda mai lafiya take fitarwa a fitsari cikin sa'o'i kaɗan, ƙoda mai rauni tana barin sa ya taru a jini.

Abubuwan da ke cin tsokar mai ciwon ƙoda an san su. Asid yana taruwa a jini, shi kuma yana sa jiki ya riƙa farfasa furotin ɗin tsoka. Dattin da ƙoda ta kasa tacewa yana kashe sha'awar abinci. Jini yana raguwa, bitamin D ba ya samun wanda zai kammala sarrafa shi, injin wanki yana kwashe wasu sinadarai tare da dattin, sannan gajiya ta zaunar da mutum wuri guda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan giɓi ne daban, kuma maganinsa daban. Ƙarin sinadari yana amfani ne idan ya toshe giɓin da gwaji ya nuna, kuma tsokar tana samun aikin yi. In babu waɗannan biyun, ƙarin kaya ne kawai aka ɗora wa ƙoda. Matakan da ke ƙasa an jera su ne bisa yadda ya kamata a bi su, tare da likitan ƙoda da masanin abincin marasa lafiya.

Mataki na farko: san matsayin ƙodarka da lambobin jininka

A takardar gwaji akwai lamba da ake rubutawa eGFR, wato ƙiyasin yawan jinin da ƙoda ke tacewa a minti ɗaya. Daga 45 zuwa 59 mataki na 3a ne, 30 zuwa 44 mataki na 3b, 15 zuwa 29 mataki na 4, ƙasa da 15 mataki na 5. Shawarar da ta dace da mai mataki na 4 wanda bai fara wanki ba kusan kishiyar shawarar mai wanki ce a batun furotin, don haka kada ka ari tsarin wani.

Kafin ka haɗiyi ko ƙwaya ɗaya, a samo sakamakon waɗannan, na cikin wata uku da suka wuce: fotashiyam, fosfet, kalsiyam, baikabonet, albumin (furotin ɗin da ke cikin jini), himoglobin, feritin da TSAT (ma'aunan sinadarin ƙarfe a jiki), bitamin D mai suna 25-OH, da PTH (sinadarin da ke daidaita kalsiyam a jini). Idan kana da ciwon suga kuma ka daɗe kana shan metformin, a ƙara da bitamin B12, domin wannan magani yana rage yadda hanji ke tsotse shi. Ka kuma tattara duk abin da kake sha, har da na gargajiya da wanda ka saya da kanka, ka kai wa likita cikin kwalayensu. Suna kaɗai ba ya isa, jikin kwalin ne ke nuna abin da ke ciki.

Mataki na biyu: auna ƙarfin kafin a fara

Wanda bai auna ba, bayan wata uku ba zai iya cewa abin ya yi amfani ko bai yi ba. Gwaji biyu ana iya yin su a ɗaki. Na farko, a samo kujera marar hannu mai tsayin kimanin santimita 45, a jingina ta da bango don kada ta zame. Ka zauna, tafin ƙafa a ƙasa, ka harɗe hannuwa a ƙirji, ka miƙe sarai ka koma ka zauna sau biyar da iyakar saurinka, wani yana tsaye kusa yana riƙe da agogo. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ko ka kasa tashi ba tare da dafawa ba, ƙarfin cinya ya yi ƙasa. Na biyu, a auna mita huɗu a ƙasa, ka taka da tafiyarka ta yau da kullum. Daƙiƙa biyar ko fiye na nufin saurinka bai wuce mita 0.8 a daƙiƙa ba, kuma wannan ita ce iyakar da ƙungiyar masana raunin tsoka ta Turai ta sa a 2019. A asibiti ana ƙarawa da na'urar damƙa: ƙasa da kilo 27 ga namiji, ƙasa da 16 ga mace, rauni ne. Mai wanki ya damƙa da hannun da ba a haɗa jijiyar wanki a cikinsa ba, kuma a ranar da ba ta wanki ba ko kafin a ɗora shi a inji.

Rubuta nauyinka ma. Amma nauyi yana yaudarar mai ciwon ƙoda, domin ruwa na iya taruwa daidai lokacin da tsoka ke tafiya, sikeli ya tsaya cak alhali hannun riga ya yi yawa. Mai wanki ya yi amfani da nauyin bayan wanki. Raguwar kashi 5 cikin 100 a wata uku ba da niyya ba, ko kashi 10 a wata shida, alama ce ta a gaggauta.

Mataki na uku: lissafin kalori da furotin

Nan ne aka fi samun ruɗani, kuma nan ya kamata a daɗe.

Fara da kalori. Jiki yana buƙatar kalori 25 zuwa 35 ga kowane kilo na nauyi a rana. Mai kilo 60 ke nan yana neman 1,500 zuwa 2,100. Idan kalori bai isa ba, duk furotin ɗin da aka ci jiki zai ƙone shi a matsayin makamashi, ba zai gina komai da shi ba, sai dai dattin yuriya ya ƙaru a jini. Sau da yawa wanda ake zaton furotin ya rasa, abinci ne gaba ɗaya ba ya ci yadda ya kamata. Rubuta duk abin da ka ci na kwana uku, ciki har da ranar wanki idan kana yi, ka kai wa masanin abinci ya lissafa.

Ga wanda bai fara wanki ba, mataki na 3 zuwa na 5, ƙa'idar KDIGO, ƙungiyar masana ciwon ƙoda ta duniya, ta 2024 ta ce giram 0.8 na furotin ga kowane kilo a rana, kuma a guji wuce giram 1.3. Ƙa'idar KDOQI, ta gidauniyar ƙoda ta Amurka, ta 2020 ta fi tsauri: giram 0.55 zuwa 0.60 ga marar ciwon suga wanda jikinsa ke a daidaite, 0.6 zuwa 0.8 ga mai suga. Mai kilo 60 ke nan yana tsakanin giram 33 da 48 a yini guda. Yanzu dubi ludayin da ke cikin gwangwanin garin furotin na masu motsa jiki: cikinsa ɗaya yana ɗauke da giram 20 zuwa 25. Ludayi ɗaya ya cinye kusan rabin kason yini ko fiye, biyu suna iya zarce shi tun kafin a ci abincin rana. Shi ya sa irin wannan gari ba na mai mataki na 4 ba ne, sai in masanin abinci ya auna masa ɗan abin da zai cike giɓi.

Akwai togaciya mai muhimmanci. Dattijon da jikinsa ya riga ya yi rauni, yana rama, yana faɗuwa, haɗarin da ke gabansa na kwanciya ya fi na lalacewar ƙoda kusa. KDIGO da kanta ta ce a duba yiwuwar ɗaga masa furotin da kalori. Haka wanda ke fama da wata cuta mai zafi, ko ya fito daga tiyata: ba lokacin taƙaita furotin ba ne. A ra'ayinmu kuskuren da ya fi yawa a wannan fanni shi ne a ce wa tsoho ya rage nama, shi kuma don tsoro ya rage komai.

Wata hanya da ake bi a mataki na 4 da na 5 ita ce a sauke furotin ƙasa sosai, zuwa giram 0.3 zuwa 0.4 ga kowane kilo, a cike da ƙwayoyin keto-asid. Waɗannan gangar jikin amino asid ne da aka cire musu naitirojin. Idan suka shiga jiki sai su ɗauki naitirojin ɗin da zai zama datti su koma amino asid, a sami kayan gina tsoka ba tare da ƙarin yuriya ba. Wanda aka fi sani, Ketosteril, ana ba da ƙwaya ɗaya ga kowane kilo 5 a rana: mai kilo 60 zai sha 12, huɗu a tsakiyar kowane abinci, a haɗiye ba a tauna ba. Kowace ƙwaya tana da miligiram 50 na kalsiyam, 12 ke nan miligiram 600, alhali jimillar da ake so mai mataki na 3 da 4 ya samu daga abinci da magani duka 800 zuwa 1,000 ce. Dole a riƙa duba kalsiyam, musamman ga mai shan bitamin D ko maganin ɗaure fosfet mai kalsiyam. Wani bincike a Romaniya da aka buga a 2016, kan mutum 207, ya nuna tsarin ya jinkirta buƙatar wanki ba tare da ramar da masu bin sa ba. Sai dai mutanen an tace su, an ga suna iya jure abincin. Wanda ya sha ƙwayoyin yana cin furotin yadda ya saba, asarar kuɗi ya yi. Wanda ya taƙaita abincin ya daina shan ƙwayoyin kuwa, kansa ya jefa cikin yunwa.

Da an fara wanki, lissafi ya juya. Kowane zama a inji yana kwashe kimanin giram 6 zuwa 12 na amino asid, wankin ciki kuma, wanda ake zuba ruwa a cikin mutum a sake fitarwa maimakon inji, yana zubar da furotin kullum cikin ruwan da ake fitarwa. Buƙata ta koma giram 1.0 zuwa 1.2 ga kowane kilo, wato 60 zuwa 72 ga mai kilo 60. Wanda ya shekara uku yana kaffa-kaffa da furotin yakan ci gaba da haka bayan ya fara wanki idan ba a zaunar da shi an yi masa bayani ba. Idan an gyara abinci amma bai isa ba, ko albumin ya sauka ƙasa da 3.8 g/dL, KDOQI ta ba da shawarar a gwada abin sha na ƙarin abinci na tsawon aƙalla wata uku. Nau'in da aka haɗa domin masu ciwon ƙoda yana da kauri, kimanin kalori 1.8 zuwa 2 a kowace mililita don kada ya ci kason ruwa, kuma an rage masa fotashiyam da fosfet. Iri biyu ne, mai yawan furotin na masu wanki da mai ƙarancinsa na waɗanda ba su fara ba, kuma kwalabensu sukan yi kama. A duba da kyau.

Yadda ake shan sa yana da tasiri. A sha tsakanin abinci ko kafin barci, ba gab da cin abinci ba, in ba haka ba zai toshe ciki ya maye gurbin abincin maimakon ya ƙaru a kansa. A kurɓa a hankali cikin rabin sa'a, domin kwankwaɗa lokaci guda yana kawo tashin zuciya da gudawa. A lissafa shi cikin ruwan yini. Mai suga ya auna sugansa bayan sa'a biyu a kwanakin farko. Ana iya sha a kan inji, a zaune tsaye, a sa'ar farko ko ta biyu, amma wanda jininsa ke yawan sauka lokacin wanki ya bari sai an gama, domin narkar da abinci yana janye jini zuwa hanji.

Kafin a saya kowane irin gari ko abin sha, a juya bayan gwangwanin a karanta jerin kayan haɗi. Duk kalmar da ke ɗauke da “phos” a cikinta, ko lambobin E338 zuwa E341 da E450 zuwa E452, fosfet ne na masana'anta, wanda hanji ke tsotse kusan dukkansa, saɓanin na tsirrai da bai kai rabi yake shiga jini ba. Doka a ƙasashe da yawa ba ta tilasta rubuta adadin fosfet a teburin sinadarai ba, don haka rashin ganin sa a teburin ba shaida ba ce. Tataccen furotin ɗin ruwan madara, wanda ake rubuta “whey isolate”, da garin farin ƙwai sun fi sauran ƙarancin fosfet.

Mataki na huɗu: asid a jini

Idan baikabonet ya yi ƙasa, alamar asid ya taru a jini ke nan, kuma tsoka da ƙashi ne ke biyan bashin. Magani shi ne ƙwayar sodiyam baikabonet, galibi miligiram 500 zuwa giram 1, sau biyu ko uku a rana, likita yana daidaitawa da sakamakon gwaji. Wani bincike a Landan a 2009, kan mutum 134 masu baikabonet tsakanin 16 da 20, ya nuna bayan shekara biyu ƙodar waɗanda aka bai wa maganin ta fi jinkirin lalacewa, cin abincinsu da kaurin tsokar damtsensu sun ƙaru. Amma da aka zo 2020, binciken BiCARB a Birtaniya kan mutum 300 masu shekara 60 zuwa sama, waɗanda asid ɗinsu bai yi tsanani ba, bai ga wani ci gaba a ƙarfin jiki ba idan aka kwatanta da masu shan ƙwaya marar magani, kuma masu shan baikabonet sun fi samun matsaloli. Tsohuwar ƙa'ida ta ce a fara magani ƙasa da 22, KDIGO ta 2024 ta ba da misali da ƙasa da 18. Ma'anar wannan a aikace: mai 16 yana buƙatarsa, mai 21 kada ya sa ran shi ne zai tashe shi daga kujera.

Kowane giram ɗaya yana ɗauke da kusan miligiram 275 na sodiyam. Giram uku a rana sun haura miligiram 800, daga cikin 2,000 da aka yarda a yini. A lura da kumburin ƙafa, hawan jini da ƙaruwar nauyi cikin kwana biyu ko uku. Yana kuma kawo gyatsa da kumburin ciki. Kada a auna garin “baking soda” na yin burodi da cokali a madadinsa.

Mataki na biyar: ƙarancin jini da sinadarin ƙarfe

Tsokar da iskar oksijin ba ta isa gare ta ba, ko an cika ta da furotin, za ta gaji da wuri. Idan himoglobin ya yi ƙasa, likita zai duba TSAT da feritin. Iyakar da aka daɗe ana aiki da ita ita ce TSAT kashi 30 ko ƙasa, da feritin 500 ko ƙasa. Feritin yana tashi idan akwai kumburi ko wata cuta a jiki, saboda haka ba a karanta shi shi kaɗai.

Wanda bai fara wanki ba yakan fara da ƙwaya. Feros salfet mai miligiram 200 tana da miligiram 65 na ainihin ƙarfe. A sha ciki ba abinci idan ciki ya jure, a nisanta ta da shayi, da maganin ɗaure fosfet, da ƙwayar kalsiyam da baikabonet da aƙalla sa'a biyu. Baƙin bayan gida ba abin tsoro ba ne, taurin bayan gida kuwa a faɗa wa likita, domin yana iya ɗaga fotashiyam. Idan bayan wata ɗaya zuwa uku lambobi ba su motsa ba, dalili yawanci wani sinadari ne mai suna hefsidin, wanda ke taruwa a ciwon ƙoda ya rufe ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji zuwa jini. Ƙara yawan ƙwaya ba ya buɗe ta, sai a koma allurar jijiya, wadda ita ce hanyar masu wankin inji tun farko. Mutumin da ba a tabbatar yana da ƙarancin ƙarfe ba kada ya sha maganin ƙarin jini don gajiya kawai.

Mataki na shida: bitamin D

Iri biyu ne, kuma haɗa su a rai kuskure ne. Akwai na gama-gari, kolikalsiferol, wanda ake cike rashi da shi idan 25-OH ya yi ƙasa da 20 ng/mL, wasu likitoci ma sukan nemi ya kai 30. Ana yawan ba da IU 800 zuwa 2,000 a rana (IU ma'aunin da ake rubutawa a kwalin bitamin ne), a sha tare da abinci mai ɗan maiƙo, a sake gwaji bayan wata uku tare da kalsiyam da fosfet. Wanda rashinsa ya yi tsanani har cinyoyinsa suka yi sanyi zai iya jin bambanci. Wanda nasa ya isa, ƙari ba ya ƙara masa ƙarfi. Manyan awo na lokaci guda ma suna da illa: a Ostireliya a 2010, tsofaffin mata sama da 2,000 da aka gwada bai wa rabinsu IU 500,000 sau ɗaya a shekara, masu shan ne suka fi faɗuwa da karaya. Na biyun, kalsitiriyol da alfakalsidol, magani ne na sauke PTH da ya yi tashin gwauron zabo, yana ɗaga kalsiyam da fosfet da sauri, kuma likita ne kaɗai ke ba da shi.

Mataki na bakwai: sauran bitamin

Bitamin B da C suna narkewa a ruwa, don haka inji yana wanke su. Mai wanki, ko wanda cin abincinsa ya daɗe da raguwa, ana ba shi ƙwaya ɗaya a rana ta nau'in da aka haɗa wa masu ciwon ƙoda, kuma a ranar wanki a sha bayan an sauka daga inji. Bitamin C ya tsaya kusa da buƙatar yini, miligiram 75 ga mace, 90 ga namiji. Ƙwayoyin 500 da 1,000 jiki yana mayar da rararsu ogzalet, wanda ke daskarewa a ƙoda da jijiyoyi. Bitamin A yana taruwa, don haka bitamin na gama-gari da man hantar kifi ba su dace ba. Ko bitamin B ɗin ma akwai iyaka: a Kanada a 2010 an gwada manyan awo na folik asid da B6 da B12 kan mutum 238 masu ciwon ƙoda na suga, sai ƙodarsu ta fi saurin lalacewa, bugun zuciya da shanyewar jiki suka fi yawa.

Waɗanda ake yawan tallatawa

Kanitin yana raguwa a jikin masu wanki, kuma wasu likitoci suna ba da shi ta jijiya bayan wanki, miligiram 10 zuwa 20 ga kowane kilo, ga zaɓaɓɓun mutane. Hujjar cewa yana ƙara ƙarfi ba ta da kauri, manyan awo ta baki kuma ƙwayoyin hanji suna mayar da su wani datti da ƙoda mai rauni ba ta iya fitarwa. Kiriyatin na masu ɗaga ƙarfe yana ɗaga lambar kiriyatinin a jini, wadda da ita ake lissafa eGFR, ya rikita lissafin, a yi zaton ƙoda ta ƙara lalacewa. Wanda ya riga ya fara sha ya faɗa, a yi amfani da wani gwajin aikin ƙoda mai suna sistatin C. An gwada HMB, wani sinadari da ake tallatawa don gina tsoka, na wata shida kan masu wanki ba a ga bambanci ba. Man kifi yana sauke kitsen jini, amma ba don tsoka ake ba da shi ba.

Abin da za a nisanta gaba ɗaya

Gishirin da ake cewa na masu hawan jini galibi fotashiyam ne aka sa a madadin sodiyam. Ga mai shan magungunan hawan jini irin su lisinofril, losatan ko sfironolakton, wannan na iya kai fotashiyam sama da 6, inda zuciya ke rikicewa ba tare da gargaɗi ba. Haka garin ganye da ruwan 'ya'yan itace da aka tattara aka kauraya, da abin sha na 'yan wasa. Magnesiyam da ake sha don murɗewar tsoka, da wanda ke cikin maganin ƙwannafi da na sassauta bayan gida, idan ya taru shi da kansa yana kashe jiki ya kawo magagi. Ɗan itacen karambola mai siffar tauraro yana da guba da ke sa shaƙuwa marar tsayawa, ruɗewa da jijjiga ga mai ciwon ƙoda. Haɗin ganyen da ba a san abin da ke ciki ba shi ne mafi haɗari: a farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace bayan shan ganyen rage ƙiba mai ɗauke da asid ɗin aristolokiya, wasu suka kamu da dajin hanyar fitsari. Wanda aka yi wa dashen ƙoda kada ya taɓa ganyen da ake sayarwa da sunan St John's wort, domin yana karya ƙarfin takrolimus da siklosforin, magungunan da ke kare dashen, har jiki ya ƙi ƙodar. A tuna kuma cewa a Amurka, tun dokar 1994, ba a buƙatar amincewar hukumar FDA kafin a fitar da irin waɗannan kaya kasuwa. Tambarin USP ko NSF, ƙungiyoyin da ke gwada ingancin kaya, yana nuna abin da aka rubuta shi ne a ciki, bai ce ya dace da ƙodarka ba.

Mataki na takwas: ba tsokar aiki

A 2001 an buga wani bincike daga Boston kan dattawa 26 masu ciwon ƙoda da ke cin furotin giram 0.6 kacal. Rabinsu sun yi atisayen ɗaga nauyi sau uku a mako na mako 12, ƙarfinsu ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, zaren tsokarsu ya yi kauri, sauran kuwa suka ragu. A ɗaya ɓangaren, binciken IHOPE na 2019 ya shekara yana bai wa masu wanki giram 30 na furotin a kowane zama, wasu har da tuƙa keken tsaye, amma ƙarfin jikinsu bai canja ba. Tsoka ba ta karɓar kayan gini sai an matsa mata.

Kwana biyu ko uku a mako, ba a jere ba: tashi da zama a kujera, ɗaga dunduniya ana dafe da bango, tura bango da hannuwa, jan igiyar roba. Kowanne sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a maimaita sau biyu. Idan 12 ta zo da sauƙi, a ƙara nauyi ko a ɗauki roba mafi tauri, domin nan ne ci gaban yake. A fitar da numfashi lokacin yunƙuri, kada a riƙe shi. A haɗa da tafiya har a kai minti 150 a mako, ko da minti goma-goma aka fara. Mai wankin inji ya zaɓi ranar da ba ta wanki ba, ya tambayi ma'aikatan wanki game da hannun jijiya. Mai wankin ciki ya guji yunƙuri mai ƙarfi ciki cike da ruwa. A sa abincin da ya fi furotin, ko abin shan nan, cikin sa'a biyu bayan atisaye. Ciwon ƙirji, jiri ko haki marar dalili na nufin a tsaya a nemi likita. Tsamin jiki na washegari kuwa kada a kashe shi da ibufrofen ko diklofenak, suna ƙara ɓata ƙoda.

Mataki na tara: fara ɗaya-ɗaya, sake aunawa

Kada a fara abubuwa uku rana ɗaya. A sa ɗaya, a jira mako biyu, sannan na gaba, don idan gudawa ko kumburi ya zo a san mai laifi. Duk abin da zai iya taɓa fotashiyam, fosfet ko kalsiyam, a sake gwajin jini cikin mako biyu zuwa huɗu. A nemi mai harhaɗa magunguna ya jera lokutan sha a takarda guda: maganin ɗaure fosfet da keto-asid cikin abinci, ƙarfe nesa da su, bitamin bayan wanki.

Bayan wata uku a koma kujerar nan da mita huɗun nan, a lokaci irin na farko. Ƙarin mita 0.1 a daƙiƙa a saurin tafiya canji ne na gaske, misali daga daƙiƙa 5.7 zuwa 5. Idan lambobin jini sun gyaru kuma ƙarfi ya ƙaru, a ci gaba, a sake duba bayan wata uku. Idan jini ya gyaru amma ƙarfi bai motsa ba, a duba atisayen, yawanci nauyin ne bai isa ba. Idan nauyi da albumin suna ci gaba da sauka duk da ana sha, a daina ƙara kwalabe, a nemi dalili: wankin da bai isa ba, wata cuta a ɓoye wadda gwajin CRP, mai auna kumburi a jiki, zai iya tonawa, ciwon haƙori da ke hana tauna, damuwa da ke kashe sha'awar abinci, ciwon zuciya, ko magungunan da ke raunana tsoka kamar firednisolon. Duk ƙwayar da aka fara don cike wani rashi kuma gwaji ya nuna rashin ya cike, a tambayi likita ko za a rage ta ko a ajiye.